Amsa ga ƙanena da ya tambaye ni ko zumuncin Najeriya da Nijar ya mutu

Salamu alaikum ƙanena, da fatan kana lafiya kai da mutanen gida.

Ranar nan da aka gayyace ni filin rediyo ka bugo waya ka jefo min tambaya kowa yana ji, ka ce tunda Nijar ta fice daga ECOWAS kuma sojojinta kullum suna zargin gwamnatinmu, ashe ba gara mu haƙura mu yarda zumuncin nan ya mutu ba, kowa ya kama gabansa? Lokaci ya ƙure ban baka amsa yadda raina yake so ba, abin ya tsaya min a rai shi yasa na zauna na rubuto maka.

Bai mutu ba ƙanena, amma yana jinya, kuma gaskiya da hannunmu a cikin ciwon.

Ni ɗan Jibiya ne, mahaifiyata ƴar Maraɗi ce, kuma daga ƙofar gidanmu zuwa gidan kakannina ya fi kusa a kan zuwa Kano nesa ba kusa ba. Kaje Maraɗi ka tambayi sarautar sarkinsu za a ce maka Sarkin Katsina, don zuri'ar sarakunan Katsina ne da suka yi arewa bayan jihadi, haka Gobirawan Tsibiri. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa a Maratta aka haife shi a 1754, yau garin yana cikin Nijar. Sai daga baya Ingila da Faransa suka zauna suka raba, tsakanin 1906 zuwa 1908 aka bi daji ana kafa alamun iyaka, layin da ya kai wajen kilomita 1,500 ya ratsa ta gefen jihohinmu 7 tun daga Kebbi har Borno, wani wurin ma ta tsakiyar gonar mutum ɗaya.

To amma ni ba wannan nake so ka riƙe ba, don kowa ya iya faɗin "ai mu ƴan uwa ne". Abin da samarinmu basu sani ba shine gwamnatocin ma sun taɓa riƙe juna a ranar wuya. Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, Faransa ta karkata wajen Biyafara, Kodebuwa da Gabon har suka amince da ita a matsayin ƙasa, amma Diori Hamani, shugaban Nijar na lokacin, ya tsaya da Najeriya ɗaya, alhali ƙasarsa talaka ce kuma rabin numfashinta a hannun Faransa yake. Wannan ba ƙaramin abu bane wallahi. A 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu mai hedikwata a Yamai, sannan aka ja musu wutar lantarki daga Kainji ta Birnin Kebbi, har ya zama wajen kashi 70 na wutar Nijar daga nan take zuwa.

Shi yasa abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya min ciwo. Ban goyi bayan kifar da Bazoum ba, har yau ban goya ba, kuma tsare shi da ake yi bai dace ba. Amma yanke wuta da rufe boda da Najeriya tayi ba Janar Tiani da ya karɓi mulki suka kwantar ba, talaka suka kwantar. Da idona naga motocin albasa a jere bakin boda, direbobi sun shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota suna dafa shayi, albasar tana zubar da ruwa tana wari, mai kaya ya zauna ya zuba tagumi don da bashi ya ɗauko. A cikin watannin ne innata ta rasu a Maraɗi, mahaifiyata da tsufanta sai a bayan mashin aka bi da ita ta hanyar daji taje ta'aziyyar ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, ta dawo ƙafafu a kumbure. Har yanzu in ta tuna sai tayi shiru.

Su ma can ba zan wanke su ba. Janar Tiani ya fito a Disamban 2024 da Hausarsa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, gwamnatinmu ta musanta, ni dai a ganina magana mai nauyin nan a ɗaki ake fara yinta da hujja a hannu kafin a kai ta talabijin. Ficewarsu daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi ma kuskure ne, don Boko Haram da Lakurawa da ƴan bindigar dajin nan namu basa tsayawa a boda a buga musu hatimi, in an matsa musu nan su tsallaka can, in an matsa can su dawo.

Ka lura da waɗanda aka buɗe wa ƙofa lokacin da ake ta maganar yaƙi a Agustan 2023. Sanatocinmu suka ƙi yarda a tura soja, Khalifa Muhammadu Sanusi II ya shiga wajen Tiani tare da Sarkin Damagaram, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ita ma aka karɓe ta. A Maris 2024 aka buɗe boda, a Afrilun 2025 ministan harkokin wajenmu Yusuf Tuggar yaje Yamai ya zauna da takwaransa. Mutanen da suka yanke ƙauna da juna basa irin wannan zirga-zirgar.

Abin da nake so a yi kuwa, a dawo da zaman hukumar nan ta 1971 akai-akai ko da ana fushi, a rubuta a sa hannu cewa wuta da magani da abinci ba za a sake mayar da su makami ba, sojoji su koma sintiri tare daga Illela zuwa Diffa, sannan a ƙarasa layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka fara a 2021, wanda ta Jibiyarmu zai bi.

Kai kuma in ka samu hutu ka zo, mu tsallaka ta Ɗan Isa in kai ka gidan kawuna ka kwana biyu, ka ji da kunnenka abin da suke faɗa a kanmu, mai daɗin da marar daɗin. Ka taho da katin shaidarka.

Naka,
yayanka daga Jibiya