Wasiƙa zuwa Birmingham: ɓaure zai yi, gwaiba ba za ta yi ba

Agege, Legas

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, yaya sanyin Ingila? Saƙonka ya iso, na ga kana son dasa gwaiba, lemun tsami da rumman a bayan gidanka.

Gwaiba da lemun tsami dai ka cire su daga lissafin dashen ƙasa. Nan Legas ko da hunturu da wuya ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20, shi ya sa suke yi ba wahala. Can kuwa dare ɗaya na digiri 3 ƙasa da sifiri ya isa ya ƙone ƙaramin dashe, don ruwan cikin ganyen ne ke daskarewa ya fasa shi. In ka nace da lemun, sai a tukunya, ka shigar da shi wuri mai haske daga Oktoba zuwa ƙarshen Mayu. Rumman yana jure sanyi, zai ma yi maka jan fure, amma zafin can ba ya daɗewa har 'ya'yan su nuna. Kada kuma ka sa a kawo maka dashe daga gida, ba ya shiga Ingila sai da takardar shaidar lafiyar tsiro.

Abin da nake so ka sa ƙarfinka a kai shi ne ɓaure, irin da ake kira Brown Turkey. Idan ya kafu yana jure har wajen digiri 10 ƙasa da sifiri. Ka nemi bango mai fuskantar kudu, domin bulo yana shan rana ya riƙa sakin ɗumi da dare. Ka guji kwari, sanyi gangarowa yake kamar ruwa ya taru a can. Ka haƙa rami santimita 60 ta kowane gefe, zurfi ma haka, ka jera allunan siminti a gefuna huɗu, ka zuba fasassun bulo kamar santimita 15 a ƙasa. Amfaninsa biyu ne: ruwa ba zai kwanta ba, kuma saiwar da aka matse tana sa itacen ya ba da 'ya'ya maimakon tarin ganye. Ka dasa a Afrilu ko Mayu.

Ka lura da wannan sosai, don a nan mutane suke asara. 'Ya'yan da za ka ci a Agusta ko Satumba su ne ƙananan nan masu girman ƙwayar wake da ke fitowa a kan rassa a ƙarshen kakar bara. Su ake karewa. Manyan ɗanyu da suka rage a Nuwamba ka tsinke su duka, ba za su nuna ba, ruɓewa kawai za su yi.

Taki mai sa ganye ka daina shi daga Agusta, sabon toho mai laushi shi sanyi ke fara kashewa. A Nuwamba ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon itace kaurin santimita 10 a gindi, ban da jikin kututturen. Rassan ka lulluɓe su da buhun algarara ko farin mayafin lambu mai barin iska ta wuce. Leda kam a'a, gumi take tarawa, reshe ya yi funfuna. Ka buɗe a hankali cikin Afrilu, amma mayafin ya zauna kusa, sanyin dare kan dawo har cikin Mayu.

Idan ka ga rassa sun bushe bayan sanyi, kada ka yi gaggawar tumɓukewa. Ka kankare ɓawon da farce, in akwai kore a ciki yana da rai, sau da yawa ma daga gindi yake sake tohowa a Yuni.

Ka aiko mini da hoton bangon da tsakar rana in ga inda inuwa take faɗuwa. A gaida uwargida da yara.

Naka amini.