Kwaɗon Kihansi da Batun Madatsar Ruwan Mambila

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini in yi magana kan halittar da ba kasafai ake ba ta shafi ba, wato kwaɗo.

A tsaunukan Udzungwa na ƙasar Tanzaniya akwai wani kwazazzabo inda Kogin Kihansi ke faɗowa daga sama, feshinsa na jiƙa ciyayin da ke gindi dare da rana. A wannan ɗan fili, wanda bai wuce kadada 2 ba, masana suka gano wani kwaɗo rawaya a 1996. Bai fi kan yatsa girma ba, kuma ba ya yin ƙwai, haihuwa yake yi. Duk faɗin duniya nan ne kaɗai gidansa.

Ana cikin haka aka kammala madatsar ruwa ta samar da lantarki a saman kogin, da tallafin Bankin Duniya. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan aka karkatar, feshi ya ɗauke, ciyayi suka fara bushewa. Aka kakkafa bututun yayyafi don a kwaikwayi abin da Allah ya yi kyauta, sannan a 2000 aka kwashi kwaɗi kimanin 500 zuwa gidajen namun daji na Amurka. A 2003 cutar fata mai suna kitirid ta auka wa waɗanda suka rage. Zuwa 2009 an bayyana cewa babu sauransu a daji. Sai a 2012 aka fara mayar da jikokin waɗanda aka tsare, bayan an kashe kuɗi masu yawa.

Ba na cikin masu ƙin lantarki, wanda ke kwana cikin duhu ba zai ƙi shi ba. Amma an daɗe ana maganar datse Kogin Donga a Mambila, kullum megawat da bashi da rikicin kwangila muke ji. Ƙoramun tsaunukan Taraba kuwa irin wuraren da ƙananan halittu ke maƙalewa ne, ga kuma masunta da manoman fadama a ƙasan kogin. Don Allah ku tura wakilinku ya tambayi hukumomi: nawa ne ruwan da za a bari ya ci gaba da gudu, kuma wa ya ƙidaya abin da ke rayuwa a cikinsa?

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Jalingo