Mako Shida a Wata Masana'anta a Japan, da Roƙona ga Masu Karɓar Ɗaliban SIWES

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da idona ya gane mini a makonni shida na farko da na yi ina koyon aiki a wata ƙaramar masana'anta da ke yankin Aichi a ƙasar Japan, domin ina ganin maganar ta shafi ƙannenmu da ke fita horon SIWES, wato koyon aiki a masana'antu da ɗalibai ke yi kafin su kammala karatu, a gida kowace shekara.

Na zo ƙasar nan ne ta shirin da ake kira ABE, wanda marigayi Firayim Minista Shinzo Abe ya sanar a taron TICAD, wato taron da Japan ke shiryawa kan ci gaban Afirka, karo na biyar da aka yi a Yokohama a shekarar 2013, kuma JICA, hukumar Japan mai kula da tallafin ci gaba a ƙasashen waje, ita ce ke tafiyar da shi. Tsarinsa shi ne matashi daga Afirka ya yi digiri na biyu a wata jami'ar Japan, sannan a tura shi kamfani ya ga yadda ake aikin da hannu. Ni ɓangaren injuna na karanta, saboda haka aka kai ni inda ake ƙera sassan injin ban-ruwa, irin wanda manomanmu na rani ba sa rabuwa da shi.

Ranar farko an ce mini ana fara aiki da ƙarfe 8:30 na safe, sai na isa saura minti goma ina ganin na yi sammako. Ashe ni ne na ƙarshe. Na tarar kowa ya riga ya sa kayan aiki, wasu na shara wasu na goge injuna, shi kansa mai kamfanin, dattijo mai furfura, yana riƙe da tsintsiya a bakin ƙofa. Daga nan aka kunna kiɗan motsa jiki na 'yan mintoci, sannan aka yi sahu aka saurari aikin ranar da kuma matsalar da aka samu jiya. A wannan taron ne aka kira sunan wani ma'aikaci da ya daɗe a kan injin gurza ƙarfe, aka ce daga yau ni amanarsa ce, kuma ya miƙa mini takarda mai ɗauke da abin da zan koya mako-mako har ranar da zan tafi.

Ba zan ɓoye maka ba, makon farko raina ya sosu. Ba a bar ni na taɓa inji ba, aikina kawai shi ne mayar da kowace sifana da kowane ma'auni mazauninsa a jikin allon da aka zana siffar kowane ƙarfe a kansa, da kuma auna abu ɗaya sau da yawa da ma'aunin kauri har hannuna ya faɗa. Na ce a zuciyata, mai digiri na biyu ake sa wa aikin yaron gareji. Sai a mako na uku na gane dalili, ranar da na gurza ƙarafa goma sha biyu duk suka fita da kuskuren da bai kai rabin milimita ba. Na lura da kuskuren, amma na yi shiru na tura su gefe, ina fatan in gyara kafin a ankara. Da maigidan nawa, wato ma'aikacin da aka ba amanata, ya gano, bai ɗaga murya ba, bai kuma tanka a kan ƙarfen da na lalata ba. Abin da ya ɓata masa rai shi ne awa biyu da na yi ban faɗa ba. Ya koya mini wata kalma tasu, horenso, wadda a yarensu ta yi daidai da sunan alayyahu, amma a wurin aiki tana nufin abu uku: ka kai rahoto, ka sanar da abokan aiki, ka nemi shawara. Sannan ya zauna da ni yana tambayar me ya jawo, da na ba da amsa ya sake tambayar me ya jawo wannan ɗin, har muka kai ga cewa ban daidaita ma'aunin ba kafin in fara, kuma takardar da ke tunatar da hakan da Japananci kaɗai aka rubuta ta. Washegari na tarar an liƙa wata da Turanci a jikin injin.

Na daɗe ina juya wannan lamari. Mu a gida, yaron da ya ɓata aiki ya san abin da ke jiransa zagi ne ko mari, shi ya sa tun muna ƙanana muka ƙware wajen ɓoye ɓarna, kuma da wannan hali muke girma har mu zama injiniyoyi da manajoji.

Kowace yamma kafin in tashi sai na rubuta rahoton abin da na yi da abin da ya shige mini duhu, shi kuma ya karanta, ya yi gyara da jan biro, ya buga ɗan hatiminsa. Duk sanda na ga wannan hatimin sai in tuna wata shida da na yi ina SIWES a wata masana'anta a Kano, inda yawancin kwanakin a kan benci na cinye su, sai dai a aike ni sayen kati ko abinci, littafin rahoton kuwa a dare biyu na cika shi ina kwafa daga na aboki, aka kuma sa masa hannu gaba ɗaya ba tare da an buɗe shafi ɗaya an karanta ba. Manufar shirin ba ta da aibi, domin hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu a Najeriya, da aka kafa a shekarar 1971 ta ɓullo da shi ne don ɗalibi ya taɓa aiki kafin ya karɓi takarda. Na kuma san masana'antunmu suna fama da rashin wuta da tsadar man dizal, har inji kan wuni a tsaye. Sai dai haɗa ɗalibi da ma'aikaci ɗaya da zai kula da shi ba ya buƙatar wutar lantarki.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna na faɗo. Abinci kaɗai jarrabawa ce, domin naman alade da giyar girki da suke kira mirin suna shiga miya da taliya da abubuwan da mutum ba zai zata ba, har sai da na koma haska kowace leda da kyamarar waya tana fassara mini kafin in saya. Juma'a ranar aiki ce kamar kowace, sai na nemi izini in hau jirgin ƙasa zuwa masallaci a Nagoya, in dawo in rama awannin. A wannan lokaci na sanyi rana kan faɗi kafin ƙarfe biyar, wato Azahar da La'asar da Magariba duk a cikin lokacin aiki suke faɗawa, amma da na yi bayani sun ware mini lungu a sito ba tare da gardama ba. Akwai kuma kaɗaici, kowa ya buɗe ɗan akwatin abincinsa ya ci shiru, babu mai cewa bisimilla. Sannan halinsu na ƙin tashi daga aiki har sai babba ya tashi ba abin koyi ba ne, tunda su kansu suna da kalma ta musamman, karoshi, don mutuwar da yawan aiki ke jawowa.

Roƙona ga masu masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Challawa, da ma'aikatun gwamnati da ke karɓar ɗalibai, shi ne duk ɗalibin da aka karɓa a ambaci sunan wanda zai riƙe shi tun ranar farko, a ba shi jadawali a rubuce, a kuma riƙa karanta littafin rahotonsa ko da sau ɗaya ne a mako. Malaman da jami'o'i ke turawa duba ɗalibai su ma su riƙa neman ganin wannan mutumin, su tambaye shi abin da yaron ya iya. Masu shirin fitowa waje kuwa, su rubuta wa kamfanin maganar salla da abinci tun kafin su iso, domin mutanen nan ba sa son a zo musu da abu kwatsam, kuma idan suka ce abu yana da ɗan wahala, to a'a suke nufi cikin kara.

Jiya maigidan nawa ya duba jadawalin, ya ce ranar Litinin zai bar ni in kunna injin ni kaɗai, shi yana tsaye daga nesa.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗalibi ɗan Kano,
daga Aichi, Japan.