Ƙona Birane Ba Ya Cikin Halaccin Yaƙi

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da ke tasowa duk watan Agusta, wato ko Amurka ta yi daidai da ta jefa makamin ƙare-dangi a birnin Hiroshima na Japan ranar 6 ga Agusta, 1945, sannan a Nagasaki bayan kwana uku, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu.

Masu goyon bayan Shugaba Truman na Amurka suna cewa matakin ya gajarta yaƙi, ya kuma ceci sojojin da za su halaka da an shiga Japan ta ƙasa. Ban raina wannan hujja ba, domin gumurzun tsibirin Okinawa na Japan kaɗai ya ci sojojin Amurka fiye da 12,000, kuma kakanninmu da Turawa suka kwasa zuwa dazukan ƙasar Bama (Myanmar ta yau) suna cikin masu ɗokin a gama su komo gida. Ta'asar da sojojin Japan suka tafka a birnin Nanjing na ƙasar Sin ma ba ɓoyayya ba ce.

To, amma su wa aka kashe? Da ƙarfe 8:15 na safiyar ranar 6 ga Agusta, dubban 'yan makaranta suna kan titunan Hiroshima, an fito da su aikin rushe gidaje domin a buɗe filin da zai tare gobara, kuma a nan wutar ta riske su. Kafin shekarar ta ƙare, mutum kusan 140,000 sun rasu a birnin, kimanin 70,000 kuma a Nagasaki, har da 'yan Koriya da aka tilasta wa aikin ƙarfi. Waɗannan ba su ne suka yanke shawarar kai hari Pearl Harbor, sansanin sojin ruwan Amurka, ba. Mu da muka tashi da wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunarsa, cewa kada a kashe mace ko yaro ko tsoho, bai kamata mu yi inda-inda a nan ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne an ƙetare haddi tun kafin nukiliya. A daren 9 ga Maris, 1945, jiragen yaƙin Amurka samfurin B-29 suka yi luguden wuta a unguwannin Tokyo masu gidajen katako, inda mutum kusan 100,000 suka mutu kafin gari ya waye. A Jamus ma, an yi wa Hamburg haka a 1943, aka yi wa Dresden a Fabrairun 1945. Gaskiya ne Jamus ta riga ta yi wa London da Coventry ruwan bama-bamai, sai dai laifin wani ba ya halatta na wani. Wanda ya saba ƙona unguwa da mutanenta, ba abin da zai hana shi ƙona birni da bam guda.

Ko batun larurar ma akwai ja a kansa. Tarayyar Sobiyat ta shelanta yaƙi a kan Japan ranar 8 ga Agusta, abin da ya yanke wa shugabanninta fatan samun mai shiga tsakani, kuma Admiral William Leahy, babban hafsan Truman, ya rubuta bayan yaƙin cewa makamin bai taimaka da wani abin kirki ba, tun da an riga an ci ƙarfin Japan.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Zariya