A Binciki Duwatsunmu Kafin A Fasa Su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana kan wani kogo da ke Afirka ta Kudu, wanda labarinsa ya shafe mu a nan Zariya.

Kogon Sterkfontein yana arewa maso yammacin Johannesburg. Ruwa ne ya haƙa shi, domin dutsen wurin irin na farar ƙasa ne da ruwa ke ci sannu a hankali, har aka samu zauruka a ƙarƙashin ƙasa, a can gindinsu kuma akwai tafkin da rana ba ta taɓa haska shi. A shekarun 1890 masu haƙar farar ƙasa suka far masa da nakiya domin biyan buƙatar ma'adinan zinariya, kuma Allah kaɗai Ya san yawan ƙasusuwan halittun zamanin da can da suka salwanta a hannunsu. Sai a 1936 wani masanin tsofaffin ƙasusuwa mai suna Robert Broom ya fara ceto abin da ya rage, a 1947 kuma ya gano ƙoƙon kan wata halitta mai kama da mutum, wanda masana suka ce ya haura shekara miliyan biyu. A 1994 wani masanin, Ron Clarke, ya tsinci wasu ƙananan ƙasusuwan ƙafa na wata halittar mai kama da mutum a cikin akwatin ajiya, a 1997 mataimakansa biyu suka gano sauran gangar jikin a cikin kogon, aka kwashe kusan shekara ashirin ana ciro ta da tsabtace ta. Hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Duwatsunmu masu tauri ne, ruwa ba ya huda su haka, amma mutane sun zauna a gindinsu da lungunansu tun kafin a gina birnin Zazzau na yanzu. Kufena da Turunku shaida ne, kuma duk wanda ya zagaya irin waɗannan kufai zai ga katanga da duwatsun niƙa a warwatse. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake fasa duwatsu domin tsakuwar gini ba tare da an duba abin da ke ƙarƙashinsu ba, alhali Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin kayan tarihi a Samaru.

Ina kira ga gwamnatin Jihar Kaduna da Masarautar Zazzau da su haɗa hannu da hukumomin tarayya, kada a bari kowa ya sa nakiya a jikin dutse sai malaman wannan sashe sun duba shi sun ba da rahoto a rubuce.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya