Wasiƙa zuwa ga Bashir a Fatakwal

Tudun Wada, Zariya

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Maman Khalifa da yara. Ya Fatakwal? Nan damina ta yi kyau, sabuwar masara har ta shigo kasuwa. Inna na gaishe ka, kullum sai ta tambayi ranar zuwanka.

Shirun da ka ji na yi, maganar mota ce. Wata uku da suka wuce ina dawowa daga Samaru da yamma, ana yayyafi, daidai Kwangila motar gabana ta taka birki, na taka nawa, taya ta zame, na daki bayanta. Laifina ne, ban yi musu ba. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji rauni. Mai motar dattijo ne, tsohon malamin makaranta. Na ce masa, "Baba, kwantar da hankalinka, ina da inshora."

Wannan kalmar ita ta fi komai ci mini rai yanzu. Shekara shida ina biyan kamfanin nan ban taɓa fashi ba. Ko da NAICOM, hukumar kula da harkar inshora, ta ɗaga kuɗin inshorar mota daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023 ban yi ƙorafi ba, tunda an ce diyyar ɓarnar dukiyar wani ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Gyaran motar Baba kuwa, bamba da fitila da fenti, duka 240,000 ne.

Suka nemi rahoton 'yan sanda, da hotuna, da takardar ƙiyasin bakanike. Na kai. Ba su da ofis a Zariya, sai Kaduna, sau uku ina bin hanyar nan. Yau a ce mai duba ɓarnar ya yi tafiya, gobe a ce fayil ɗin yana Legas. Shi kuma Baba, wallahi bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai ya kira ya ce, "Ɗana, ko akwai labari?" Da motar yake kai matarsa asibitin Shika. Ranar da na gan shi a bakin titi yana tare Keke Napep, ita tana zaune a gefe, ban iya barci ba. Na kwashi adashina na biya gyaran.

Da takardar inshorar ta ƙare ban sabunta da su ba, na koma wani kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci. Tsarinsu ya fi kwanta mini: gudummawa ake tarawa a asusu ɗaya, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa, in an samu rara a raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Ban gwada su ba tukuna, don haka ba zan yabe su ba. Amma kafin in biya sai da na sa suka rubuta mini wanda zan kira da takardun da za su nema.

Kai ma ka duba inshorar motarka. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsaurara bincike, kuma wadda 'yan kamasho ke haɗa wa mutum wajen sabunta takardun mota takan zama ta bogi. Sa lambar motarka a NIID, wato rumbun bayanan inshora na ƙasa da ke intanet, ka ga ko tana ciki, ka faɗa mini abin da ka gani.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Sani