Mutum ɗaya da fiyanonsa: wasiƙa zuwa ga aminina

Tudun Wada, Zariya
Daren Alhamis

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Ina gajiya, ya sanyi, ya karatu? Shekaranjiya na leƙa gida na gaishe da Inna. Lafiyarta ƙalau, ƙafar ma ta yi sauƙi, sai dai ta sa ni na yi alkawarin tambayarka ko kana samun abinci mai zafi, don ta ce hotonka na ƙarshe duk wuya ne. Maman yara tana gaishe ka. Mu ma hunturu ya sauka, leɓe duk ya tsage, amma na san in na kira namu sanyi za ka yi mini dariya.

Na ƙi yi maka saƙon murya da gangan. Na san halinku Kanawa, ninka saurinsa za ka yi ka saurare ni kamar mai ciniki a Kantin Kwari. Wannan kuwa sai ka zauna.

Saƙonka na makon jiya sau uku na karanta shi. Inda ya tsaya mini a rai shi ne da ka ce tun ƙarfe huɗu da rabi gari ke duhu, ka dawo ɗaki babu motsin kowa sai ƙugin firji, kuma waƙoƙin gida da ka cika wayarka da su sun daina yi maka magani. Na gane. Waɗannan waƙoƙin na taro ne, ga 'yan amshi, ga guɗa, ga ƙura tana tashi. In ka kunna su kai kaɗai, sai su riƙa ƙirga maka mutanen da ba sa wurin. Abin da ya dace da ɗakinka kiɗa ne daidai girman ɗakin: mutum ɗaya, murya ɗaya, abin kiɗa ɗaya. Ina da irinsa, wata uku ke nan yana raka ni duba takardun ɗalibai da dare.

Bari mu fara daidaitawa a kan kalma. A wurinmu in an ce kiɗan fiyano, abin da ke faɗo wa mutum shi ne allon nan na Yamaha da ke sitidiyo, wanda ake latsa maɓalli ɗaya ya saki ganga da kansa, ya yi ta yi ko mai shi ya fita alwala. Wanda nake nufi akwatin katako ne da ƙarfe, sai ƙarti sun taru kafin su gusar da shi, ba ruwansa da wuta ko batir. Madannansa 88, farare 52, baƙaƙe 36. Bayan kowane madanni akwai 'yar guduma mai kan ulu da ke dukan tsirkiyar ƙarfe, tsirkiyoyin kuma sun haura ɗari biyu. Wani Ba'italiye, Bartolomeo Cristofori, ya ƙera shi a Florence wajen 1700, kuma abin da ya ɗaukaka shi a kan na gabaninsa shi ne yana jin nauyin hannu. Ka shafa shi ya yi raɗa, ka doke shi ya yi tsawa. Ka ɗaga hannu ka saki abin takawa, shi ke nan, ɗif.

Mutumin sunansa James Booker, baƙar fata ne ɗan New Orleans a Amurka, haihuwar 1939. Ɗan fasto ne, ya koyi kiɗan gargajiyar Turawa tun yana ƙarami, ya kaɗa a coci, yana ɗan shekara 14 ya fitar da faifansa na farko. Manyan mawaƙa irin su Fats Domino da Aretha Franklin sun sa shi ya kaɗa musu. Idonsa na hagu ya mutu, yana rufe shi da wani baƙin ƙyalle mai tauraro a tsakiya. Faifan da nake maka magana sunansa Resurrection of the Bayou Maharajah, wato kamar a ce tashin sarkin fadama daga kabari. Maharaja dai ka san shi daga finafinan Indiya, shi ya naɗa wa kansa rawanin, babu wanda ya ba shi. Kamfanin Rounder ya fitar da shi a 1993, shekara goma bayan mutuwarsa, daga kaset-kaset da aka naɗa tsakanin 1977 da 1982 a wata mashaya mai suna Maple Leaf, a kan titin Oak, inda yake zuwa yana kaɗawa a kai a kai.

Na ji ka tun daga nan: malam ya koma sauraron kiɗan mashaya. To, kunne na aika, ƙafata tana Tudun Wada.

Ranar da na fara ji, an ɗauke wuta, ina zaune da fitilar caji. Na rantse maka na ɗauka mutum uku ne. Hannun hagu yana can ƙasa yana riƙe da kiɗa kamar mai ganga, bai fasa ba, bai gaji ba. Hannun dama yana sama yana yawo, wani lokaci ya amsa wa muryar kamar ɗan amshi, wani lokaci ya yi mata gardama. Ita kuma muryar siririya ce, mai karkarwa, tana hawa sama har ta kusa tsinkewa. Ba murya ce da za a ce mai daɗi ba, in gaskiya za a faɗa. Da a sitidiyo ne na zamanin nan, da an wuce da ita ta na'urar gyaran murya an goge ta tas, an kuma goge mutumin tare da ita.

Kai da ka taso kana jin Ɗan Maraya Jos ba sai na yi dogon bayani ba. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, babu kalangu, babu mai amshi, amma in ya fara sai ka ga kasuwa guda a gabanka. In ya yi shiru na daƙiƙa ɗaya, kowa ya san shi ya yi shirun, babu wanda zai rufa masa. Irin wannan tsayuwar ce, sai dai shi Booker an ba shi tsirkiya ɗari biyu da yatsu goma. Abin da ya fi kama ni ke nan: babu maɓoya. Mawaƙin da ke da makaɗa goma in muryarsa ta gaza, ganga za ta ɗauke shi, 'yan amshi su cike ramin. Wannan in ya zame, kana ji. Akwai wuraren da yatsa ke taka madannin da ba shi aka nufa ba, sai ka ji ya juya kuskuren ya mai da shi ado, kamar tela da almakashi ya ci masa yadi ya mai da wurin aljihu.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce na daɗe ina juyawa. Mai tafiya cikin ayari ba ya tsayawa kallon tsuntsu, dole ya bi takun jama'a. Makaɗa in suna da yawa sai sun yi yarjejeniya: nan za a shiga, nan za a fita, ga saurin da za a bi. Shi kuwa ba shi da wanda zai jira. Yana cikin waƙa sai wata ta faɗo masa, ya bi ta, daga nan ya faɗa ta uku, ya haɗa huɗu ko biyar a zama ɗaya ba tare da ya ɗaga hannu ba. In wani baiti ya taɓa shi sai ya ja shi, ya rage gudu har ka ɗauka zai tsaya, sannan ya zabura. Har wani ɗan gajeren kiɗan rawa na Chopin, mutumin Poland ɗin nan na ƙarni na 19, ya ɗauko ya kaɗa a wurin, da farko cikin ladabi kamar ɗan makaranta, can kuma sai ka ji New Orleans ta leƙo ta ƙarƙashinsa. Kana sauraro kana jin mutum yana yanke shawara a gabanka, shi kansa bai san inda zai kwana ba.

Akwai wani faifan nasa irin wannan da aka naɗa a Zurich ta Suwizalan a Nuwamban 1977, sunansa New Orleans Piano Wizard: Live! A can fiyanon mai kyau ne, sautin tsaf, Turawa suna ta tafi kamar rufin zai faɗo. Shekarun 1976 zuwa 1978 ya yi ta zagaya Turai, a Jamus musamman an ɗauke shi da daraja. Mutane da yawa wancan suka fi so, kuma ban ga laifinsu ba. Ni dai na mashayar ya fi kwanta mini. A Zurich baƙo ne da aka shimfiɗa wa darduma, yana nuna abin da ya iya. A Maple Leaf ɗan gida ne, an saba da shi har an fara raina shi. Naɗin ba shi da tsabta, fiyanon ya sha wuya, ɗakin kansa yana cikin kaset ɗin da hayaniyarsa. Mutum yana zuba abin da babu mai iya shi a garin, wani kuma yana can ya ba shi baya yana hirarsa. Wannan ya ba ni haushi da farko. Daga baya na ga hayaniyar ce ke buɗe maka ƙofa, sai ka ji kamar akwai kujera guda da babu kowa a kai, ka ja ka zauna.

Kada ka ce na ɓoye maka, rayuwarsa ba abin koyi ba ce. Yana yaro motar asibiti ta buge shi ta karya masa ƙafa, aka yi ta ba shi morfin don raɗaɗi, kuma shi kansa daga nan yake ɗauko tarihin jarabarsa da ƙwaya. A 1970 an ɗaure shi saboda ƙwayar heroin a kurkukun Louisiana da ake kira Angola, wanda asalinsa gonar bayi ce. Ga giya, ga taɓin hankali da ke zuwa yana tafiya. Wasu dararen yakan bar kiɗan ya kama surutai. Ya koya wa wani yaro fiyano, Harry Connick Jr., ɗan babban mai gabatar da ƙara na birnin, yaron ya girma ya yi sunan da malaminsa bai taɓa yi ba. Faifansa na ƙarshe na sitidiyo, a 1982, cikin awa huɗu aka naɗe shi. Ranar 8 ga Nuwamba 1983 ya mutu a kan keken marasa lafiya, yana jiran a duba shi a ɗakin gaggawa na wani asibiti, yana da shekara 43.

Ban kawo wannan don in ce wahala ce ta ba shi hannu ba. Na tsani wannan maganar. Hannun ya samu ne daga shekarun da ya yi yana zaune gaban katakon nan tun yana ɗan yaro, ƙwaya kuwa cinye shi ta yi. Sai dai in ka san labarin, akwai waƙoƙin da za ka ji daban, musamman masu sanyin, inda yake rage kiɗan har kana jin jan numfashinsa kafin baiti. Turancinsa na kudu ne, ni rabi nake tsinta, kuma ban damu ba. Maman yara ba ta jin ko ɗaya, amma ran nan ta tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu ta ce, "Wannan bawan Allah wa ya rasu masa?"

Ga yadda za ka yi. Kada ka kunna shi kana wanke-wanke ko kana cikin bas. Bari sai bayan Isha, ka haɗa shayinka, ka kashe babbar fitila, ka sa abin kunne mai rufe kunnuwa biyu. Karo na farko bi hannun hagu kawai, ka ƙyale sauran. Karo na biyu ka bi muryar. In ya karɓe ka, akwai ɗan'uwansa da aka fitar tare daga kaset-kaset ɗin, Spiders on the Keys, wato gizo-gizo a kan madannai, shi babu waƙa sai kiɗa zalla. Amma fara da mai muryar, don murya kake nema a ɗakin nan.

In kuma bai yi maka ba, faɗa mini gaskiya, kada ka yi mini kara. Na san kunnen Bakano, in babu kalangu sai ya ce ba a fara ba.

Kilishin da yajin da ka ce, na ba wanda zai taso ƙarshen wata, in sun bari ya wuce da su a filin jirgi. Ka kira Inna ranar Juma'a bayan an sauko, ta fi samun natsuwa a lokacin, kuma ka sa riga mai kauri kafin ka kunna kyamara. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da kai lafiya.

Naka,
amininka na Zazzau